Dauɗar da Ta Ƙi Fita

Ranar Talata ce, ana yayyafi. Tsoho yana zaune gindin tukunyar tacewa, a kamfanin da ke yin ruwan narka fenti, sai manaja ya aiko masa da takarda: ƙarshen wata ya ajiye aiki. An sayo sabon inji, an ɗauko injiniya mai digiri biyu.

Shekara talatin yana tace ruwan nan, amma ya ninke takardar ya sa a aljihu. Har kyautar maraba ya kai wa injiniya, a ƙunshe cikin takarda.

Injiniya ɗan gayu ne. Kafin ka gan shi ka ji ƙamshinsa. Da kansa yake ɗibar samfur ya kai na'urar gwaji, kuma ba ya sa safar hannu, wai tana ɓoye masa zobe.

Na'ura ta ce akwai dauɗa. Ɗigo ɗaya ne cikin miliyan, amma mai saye ya ce ko rabin ɗigo ba ya so. Injiniya ya sauya matatar injin, dauɗa na nan. Ya sake dafa ruwan sau uku, tana nan daram. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, suka zauna mako biyu, suka rubuta cewa lallai akwai dauɗa.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, manaja ya sauko da kansa.

"Baba, ko za ka ɗan duba mana?"

"Ni da ko firamare ban gama ba?"

"Haba Baba, a yi haƙuri."

Tsoho ya ce kowa ya fita, kuma shi zai ɗebi samfur. Ya rufe ƙofa, ya yi ta bubbuga bututu da sifana har na waje suka gyaɗa kai. Sannan ya wanke hannu har gwiwa, ya sa safar hannu, ya ɗiba. Na'ura ta ce tas.

Manaja ya yaga takardar sallamar, ya ce duk ranar da dauɗa ta dawo a kira Baba. Injiniya ya rubuta rahoto shafi arba'in a kan hikimar manya.

Washegari tsoho ya biya shago, ya sayo wa injiniya wata kwalbar turaren da ya ba shi kyautar maraba, wanda ke bin yatsun injiniyan ya faɗa cikin samfur. Ya lura na farko ya kusa ƙarewa.