Waƙar da Ta Yanke a Bakin Rijiya

Duk ranar Alhamis bayan la'asar, Saminu mai gabatar da shiri yakan ciro kaset ɗin daga aljihun gaba, ya juya zarensa da biro, ya sa wa masu sauraron rediyon gari a Dogon Dutsi. Kaset ne ba suna ba hoto, a cikin kwanon marigayiya mahaifiyarsa ya tsince shi. Mace ce take rerawa, ƙwarya ɗaya na biye da ita a hankali. A waƙar, uwa ce ta binne ɗanta, ta je ɗiban ruwa da safe, ta ji yana kiranta daga ƙasan rijiya. Ta sunkuya za ta amsa, sai kaset ya yanke.

Shekara goma sha tara ke nan Saminu yana neman mai muryar, don ya ji abin da uwar ta ce wa ɗanta. Abin ya hana shi sakat. Ko a sahun salla yake sai ya ji waƙar ta taso masa, ta kai bakin rijiya ta tsaya.

Can ƙasan muryar akwai wata 'yar ƙara, ƙil-ƙil, kamar ana taɓa gilashi. 'Yan bori suka ce Doguwa ce take wucewa da mundayenta. Samarin kasuwa masu wa'azi suka ce ya ji tsoron Allah ya daina sa wa mutane kayan iskoki. Saminu bai kula kowa ba, shi ma da nasa wa'azin.

Wa'azinsa kuwa ɗaya ne. Waƙar baƙin cikin nan ta baƙaƙen Amurka da ake kira bulus, daga ƙasar nan bayi suka tafi da ita, ga kuma shaida a aljihunsa. A ganinsa sai baƙar fata da ta gaji wahala tun kaka da kakanni ke iya irin wannan kuka. Wani mai jita ya zo daga Yamai, Saminu ya ce masa ƙoshi ya yi masa yawa. Turawa biyu sun zo da na'urori, ya ba su shayi ya sallame su. Bara ma wata tsohuwar Baturiya ta zo tana dogara sandar geza mai ɗaurin jan zare, ta roƙa da Hausa tas a bar ta ta yi waƙa a shirinsa.

"Madam, Hausa ana koyo," in ji Saminu, mai gadin gidan rediyon na tsaye yana ji. "Wanga kuka kau gadonai aka yi."

Ta yi masa fatan alheri, ta juya. Ranar Alhamis ya ba da labarin a rediyo, gari ya sha dariya.

Da damina ta kama, zaren kaset ya fara saki. Muryar ta riƙa nutsewa tana tasowa kamar guga a rijiya, Saminu ya tsorata ƙwarai. Ana cikin haka wani mai awon hatsi ya gaya masa akwai wata tsohuwa a Gecheme, Habsatu, wadda a zamaninta haka take kaɗa ƙwarya. Washegari ya hau kabu-kabu, laka har gwiwa.

Ya same ta a gindin bishiyar bedi tana tsince wake, idanunta sun yi fari. Ya gaishe ta, ya sa kaset ɗin a ƙaramin rediyonsa ya kunna. Tun kafin muryar ta shigo yatsun tsohuwar suka fara bugun gwiwarta, ba su saɓa ko sau ɗaya ba. Saminu ya durƙusa.

"Inna, ke ta?"

"Ƙwarya dai tawa ta," in ji Habsatu. "Murya ta Asiya ta, matar Gado maƙwabcinmu. Shekarar sanƙarau ɗanta guda ya tahi. Kwana arba'in ba ta yi magana da kowa ba, rannan ta ce in ɗauko ƙwarya."

"Ƙarar nan fa ta ƙasa? An ce Doguwa ta."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Wace Doguwa? Kwalaben allura na, iska na kaɗa su bisa tebur. Cikin ɗakin likita munka yi ta."

Saminu bai tsaya kan wannan ba, zuciyarsa na can bakin rijiya. Ya roƙe ta ta faɗa masa sauran waƙar. Habsatu ta girgiza kai. Ita hannu gare ta, ba ta taɓa riƙe baiti ba. Asiya kaɗai ta san abin da ta ce wa yaron, sau ɗaya ta rera shi, kuma kaset ya cika kafin ta kai.

"To kai ni wurinta, Inna, don Allah."

"Ka makara, ɗana. Kullum Alhamis tana jin ka. Da ta ga ciwo ya ci ƙarhinta, ta ce bari ta tai Dogon Dutsi ta cika ma yaron rediyon ga waƙarshi. Ta komo ba ta ce komi ba. Bayan wata ukku munka ruhe ta, kusa ga ɗanta."

Habsatu ta laluba bayanta don ta tashi ta nuna masa kabarin. Abin da hannunta ya ɗauko sandar geza ce mai ɗaurin jan zare.

"Tata ta, ita ta bar min," ta ce. "Mu munka sa mata Asiya. Ku mutanen birni Madam kuka ce mata."