Kunya Uku na Gyaɗa

"Babu mai taɓa min gyaɗa saboda 'yan keke," in ji Yelwa, tana tsaye gaban motar ma'aikata.

Tun rasuwar mijinta take noma gefen tsohon layin dogon da ya bi ta bayan gidanta, da shi take ciyar da marayunta. Yanzu an ce za a cire ƙarafan a yi hanyar keke, aikin zai ci mata kunya uku. Ta ƙi. Ta bi gida-gida ta tara mata, suka yi ta zarya har wurin hukuma a Rogo, sai da aka janye aikin.

Ranar da labari ya iso ta dafa shinkafa da wake don maƙwabta. Tana cikin rabo mai unguwa ya yi sallama. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

"Baba, ka ji mun yi nasara?"

"Na ji, Yelwa. Da suka ga an ƙi keke, sai suka koma shawararsu ta farko. Jirgi zai dawo."

Ya dubi katangarta, ya sunkuyar da kai.

"Duk ginin da ke kusa da layi za a rushe. Da gidanki za a fara."