Ruwan da Gado Ya Tafasa

Gado tela ne a Tibiri, kuma a duk layinsu shi ya fara jan famfo cikin gida. Lokacin an shiga zamanin jam'iyyu, kowace ƙofa da tutarta. Ɗan takarar da Gado yake bi shi ya tsaya aka kawo bututu unguwar, saboda haka in aka taɓa famfon nan kamar an taɓa jam'iyyarsa ne. Ruwan daga rijiya mai zurfin gaske yake fitowa, garai-garai, ba laka ba wari.

Sai dai wani abu ya fara bayyana ga yaran garin. Haƙoransu suna yin ja kamar na tsoho mai cin goro, wasu kuma ƙafafunsu suna lanƙwashewa. Aka ce iska ce, aka ce shan inna ne. Daga baya masu bincike suka zo daga Yamai, suka ɗebi ruwa a kwalabe suka tafi. Da suka dawo aka yi shela a taru a filin lakwal, wato makarantar boko.

Gado ya je, ya tsaya can baya. Wata madam daga cikin masu binciken ta miƙe ta ce sun auna ruwan, sun samu wani sinadari na cikin dutse ya yi yawa, shi ke ɓata ƙashin yara ƙanana. Gado ya ɗaga ido, sai ya hango wansa Maman Lawali a layin gaba yana gyaɗa kai. Maman Lawali ɗan adawa ne, tun zaɓe gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Gado ya ce a ransa, ashe shiri ne. Ya kaɗe rigarsa ya fita, madam tana cikin magana.

Amma Gado ba uban banza ba ne. An yaye ɗiyarsa Saudatu ke nan, maganar ta ƙi barin zuciyarsa. Sai ya tuna shekarar amai da gudawa, lokacin da rediyo ya yi ta cewa a tafasa ruwa. Ya kira matarsa.

"Tasalla, ko gaskiya suka hwaɗi ko ƙarya, wuta ta raba gardama. Daga yau ruwan Saudatu a tahasa shi. A bar shi ya daɗe bisa murhu."

Washegari Maman Lawali ya tsaya ƙofar gida da amalanken jaki da jarka biyu daga rijiyar garkarsa.

"Ga ruwan ɗiyata Saudatu, kullum zan kawo. Ka tahi jiya ba ka ji ƙarshen magana ba. Madam ta ce..."

"Madam ɗin taku, Yaya? Da ku kuka kawo pampon nan, da tuni ya zama zamzam."

"Gado, aje parti gehe, ka saurare ni."

"Ruwan kwaɗi za ka ba ɗiyata? Mu nan tahasawa muke. Ka kai ma tumatirinka."

Maman Lawali ya dube shi, ya juya jakinsa.

Haka aka yi shekaru. Ko shekarar da hatsi ya yi tsada, ɗinki ya ja baya, Gado bai fasa sayen itacen tafasa ruwa ba. Shi da kansa yake leƙa tukunya. In ya ga ruwan bai ragu sosai ba, sai ya ce a ƙara wuta. In ya ga farin abu ya kwanta a gindin tukunya, sai ya nuna wa Tasalla ya ce ga cutar nan ta mutu.

Saudatu ta isa shiga lakwal, haƙoranta jajur. Gwiwoyinta suka fara karo da juna. Tana tafiya kaɗan sai ta zauna tana kuka. Ran da ta kasa tashi daga tabarma, Gado ya ɗauke ta bisa kabu-kabu zuwa Maraɗi.

Likita ya ɗaga hoton ƙashinta ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi ruwan da take sha.

"Na pampo, likita. Amma wallahi tun yaye ba ta taɓa shan shi ɗanye ba. Sai ya tahasa, ya sake tahasa."

Likita ya ajiye hoton a hankali.

"Malam, wuta abin da ke da rai take kashewa. Wannan ba shi da rai, kamar gishiri yake. In miya ta daɗe bisa wuta, gishirinta raguwa yake ko ƙaruwa?"

Gado ya tuna farin abin nan na gindin tukunya.

"Masu binciken sun ja kunne a kan haka," in ji likita. "Cewa suka yi a canza ma yara ruwa, kada a dogara da tafasawa. Ba ka je taron ba?"

"Na je," in ji Gado. Da ƙyar ya ƙara, "Ƙahwar za ta miƙe?"

"Za mu rage mata ciwo. Miƙewa kam, sai wani ikon Allah."

Da safe Gado ya goya Saudatu, ya riƙe jarka, ya nufi garkar wansa. Maman Lawali ya karɓi jarkar ya zura guga. 'Ya'yansa suka wuce da gudu za su lakwal. Saudatu ta bi su da kallo har suka ɓace, ta ce, "Baba, ni yaushe?"

Jama'a, Gado bai rasa ƙaunar ɗiyarsa ba, ƙarshen magana ya rasa. In masu bincike suka zo da sakamako, mu zauna mu ji shi duka, mu tambayi abin da ba mu gane ba. Cuta ba ta da jam'iyya, kuma rabin bayani yana iya yin ɓarnar da rashin sani bai yi ba.