Tokar da Muka Tsaya a Kai

Ranar da gobara ta taso mana a gonar dawa a Simsim, Tesfaye, Kirista ɗan Habasha mai yi wa Baba aiki, ya ƙyasta ashana ya cinna wa ciyawar gabanmu wuta.

Baba ya ci kwalarsa. "Ka haukace ne, ya zol?" in ji shi, wato "kai mutum" da Larabcin yankin.

Da ciyawar ta ƙone, Tesfaye ya kama hannun Baba, ya ja mu kan tokar mai zafi. Gobarar ta kewaye mu, ta wuce.

Yana haki ya ce, "Alhaji, wuta ba ta cin inda ta riga ta ci. Shi ya sa muke cewa dole Almasihu ya mutu. Allah ne ya ƙaddara hukuncin ya sauka kansa, don wanda ya fake gare shi ya tsira."

"Mai iko duka ba ya bukatar jinin kowa," in ji Baba.

Har yau maganar Baba nake bi. Amma a ranar na ga bai saki hannun Tesfaye ba.