Hannun Inna a Kan Babur

Tun da aka fito da baburan da ke gane tafin hannu, Tanimu ya daina ɗaure nasa da sarƙa. Hannu uku kacal babur ke karɓa, sai ya sa nasa, da na matarsa, da na bakanikensa.

Da safen nan mahaifiyarsa, wadda ta zo jiya daga ƙauye, ta dafa sirdin za ta yi masa addu'ar fita lafiya.

Babur ya kurma ihu: "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Kafin Tanimu ya kashe ƙarar, maƙwabta sun cika zauren da sanduna. Ya kasa ɗaga kai.

"Inna..."

Tsohuwar ta cusa hannunta cikin mayafi, ta dubi mutanen.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah. Ban san ni baƙuwa ce a gidan nan ba."