Wayar Auta

"Ba ke kika ce sai mun sayar da keken ɗinki ba?" Tela ya dangwarar da kwali a gaban matarsa. "Ga wayar da na yi wa Auta alkawari. Kuɗin ɗinki biyu kacal."

Bai iya karatu ba, kuma ba ya tambayar yaran kanti. Hoton da 'yarsa Auta ta nuna masa ya gani a jikin kwalin, ya biya.

Auta ta buɗe, ta leƙa ciki, sannan ta durƙusa. "Na gode, Baba."

Yana saka takalmi a bakin ƙofa ya ji raɗarta: "Mama, rigar wayar ce kawai, babu waya a ciki. Kada ki faɗa masa."

Tela ya daɗe yana kallon keken ɗinkinsa.