A-kori-kura a Ƙofar Baba Meshak

A-kori-kurar tana nan kuma. Ta gindaya a bakin get, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, sai ka ce da igiya aka auna ta. Baba Meshak ya tsaya da makullin motarsa a hannu.

Shekara talatin da biyu ya yi yana hedimasta a Kafanchan, ga shi dattijo a ikilisiya. Mutum ne da ba a gaya masa magana gaba da gaba, ko fasto sai ya yi kewaye-kewaye. Amma yau wata biyu ke nan wata tsohuwar motar ɗaukar citta ta mai da shi ɗan kurkuku a gidansa.

Ba abin da bai gwada ba. Ya sa an rubuta allo da jan fenti: BA A AJIYE MOTA A NAN. Ya jera duwatsu, gari ya waye an kwashe su an tara gefe guda, tsaf-tsaf. Ya kafa tsofaffin tayoyi, aka mirgine su. Abin da ya fi ci masa rai, motar ba kullum take zuwa ba. Sai ranar da ya ce gobe zai leƙa gonarsa a Madakiya, ko taron 'yan fansho, sassafe a same ta. Direban kuwa babu wanda ya taɓa gani. Ya tambayi Wilfred, bakaniken da ke maƙwabtaka da shi, saurayin ya sosa ƙeya ya ce bai sani ba. Baba Meshak ya duƙa zai karanta lambar motar, ya ƙura ido ya gaji, ya ce laka ta cinye ta.

"Ka bar shi, Baba, ka hau keke Napep," in ji matarsa Emilia, duk lokacin da ya fara faɗa.

Shi, a keke? Mutumin da ya riga kowa sayen mota a layin? Rabonsa da sitiyari tun yammacin da ya buge wata akuya a kwanar layi. Ya ji ƙararta, bai ma tsaya ba, don akuyoyin unguwar ba su da tarbiyya kamar masu su. Washegari a-kori-kura ta fara zuwa. Hatta Rabi'a, Bafulatanar da ke kawo masa nono kowace safiya, ta daina biyowa, wannan ma ya ɗora wa motar laifi.

Yau Laraba. Jiya ya ce zai je Madakiya, Emilia kuma ta tafi taron zumuntar mata tun ƙarfe bakwai. Yana nan tsaye yana huci sai ya ji an kira shi daga ɗaki, da wata irin murya da bai taɓa ji ba.

Faustina ce, 'yarsa ɗaya tilo, da ta dawo gida da cikin wata takwas. Ya same ta durƙushe ta riƙe ƙafar gado. Da ya taɓa zanenta ya ji shi jiƙe, da ɗumi.

"Baba, jini ne," ta ce.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai sani ba duk tsawon rayuwarsa. Ruwan jiya ya mai da layin taɓo, keke ba ya hawowa. Motarsa tana nan cike da mai, taku goma daga inda 'yarsa take zubar da jini, ga ƙarfe ya toshe ƙofa.

Ya fita yana ihu. Maƙwabta suka firfito, mata biyu suka shige wurin Faustina, maza suka sa kafaɗa suka tura a-kori-kurar. Motar tana cikin giya, an ja birki, ko gezau. Wilfred ya dubi motar, ya dubi gidan, sai ya haye babur ya tsere. Baba Meshak ya raka shi da zagi, ya ce matsoracin banza.

"Motar wane ne? Wani a cikinku ya sani!"

Kowa ya sunkuyar da kai.

Ya ɗauko taɓarya daga kicin, ya ɗaga, ya auna gilashin direba. Dukan ya sauka a ƙarfen ƙofa. Ya sake ɗagawa, ya sake samun ƙarfe. Daga ciki muryar Faustina tana ta raguwa. Ya rantse a ransa, idan yarinyar nan ta mutu, duk inda mai motar nan yake sai ya nemo shi.

Babur ya dawo yana watsa laka, Emilia a baya cikin kayan zumunta. Ta diro tun bai tsaya ba. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta kwance ƙullin bakin zanenta, wani abu ya yi ƙara, ta miƙa wa Wilfred. Ya buɗe a-kori-kurar, ya tayar, ya janye ta gefe kamar wanda ya saba.

Taɓaryar ta suɓuce daga hannun Baba Meshak.

"Emilia. Ke ce?"

An fito da Faustina ana tallafe da ita, an kwantar da ita a kujerar bayan motar Baba Meshak. Ya nufi ƙofar direba, Emilia ta sha gabansa, ta riƙe hannun da makulli yake ciki.

"Ba wa Wilfred makullin, shi zai tuƙa."

"'Yata ce. Ni zan kai ta."

Shekara arba'in ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. Yanzu ma sai ta matso kusa da kunnensa, hawaye yana zubo mata, ta faɗa a hankali don kada waɗanda suka riga suka sani su ji.

"Idonka ya tafi, Baba. Ba akuya ka buge ranar nan ba, 'yar Rabi'a ce, har yau da sanda take tafiya."